Yadda ake duba da gyara kayan dagal da gariya a jirgin katako

Wannan bayani na wanda ya fara riƙe jirgin katako mai shira ne, wato babban ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi, a gaɓar Bahar Maliya, ko gado ya yi ko saya, kuma bai taɓa kwance kayan samansa ya mayar da hannunsa ba. A Sawakin ta ƙasar Sudan nake wannan aiki, a kan huri, wato ƙaramin kwalekwale, da ƙananan sambuk, irin jiragen da kakanninmu suka riƙa hayewa Jidda a cikinsu zamanin da ake zuwa Hajji a ƙafa. Yau kusan kowane jirgi da injinsa, amma rayis, wato shugaban jirgi, mai hankali ba ya yar da shirarsa, saboda tsadar mai, da kuma ranar da inji zai ƙi tashi alhali iska tana tura ka kan duwatsun Towartit.

Kayan da za mu taɓa su ne: dagal, wato itacen da ke tsaye a cikin jirgi; gariya, doguwar sandar da ake ɗaure shira a jikinta; igiyar ɗaga gariya da tayar da take bi a kan dagal; ƙawanyar da ke manne gariya da dagal; igiyoyin gefe da ke riƙe dagal; bakarori, wato tayoyin da ke cikin gidan katako da igiya ke bi ta kansu; shakal, lanƙwasasshen ƙarfen haɗi da ake rufe bakinsa da fil; turaku; sai ƙarafan daffa, wato allon baya da ake juya akalar jirgi da shi.

Abu uku ne ke cin su. Na farko gishiri. A yawancin tekunan duniya lita ɗaya ta ruwa tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, tamu kuwa wajen giram 40 ce. Na biyu rana, wadda ke ƙona igiyar roba har ta zama gari. Na uku ƙurar Yuli da Agusta, da ke shiga cikin giris ta riƙa goge fil ɗin da taya ke juyawa a kansa a hankali. Shi ya sa na fi son a yi babban dubawa bayan ƙura ta lafa, kafin ruwan saman Nuwamba ya sauka.

Kayan aiki

Guduma ta ƙarfe da ta katako, kurfi, zarto, magagari, filaya, sifana biyu, wuƙa mai kaifi, basilla, burushin waya, sanfefa, da tsinke mai kauri na itace mai tsini don buɗe tufkar igiya. Idan ba ka da tsinken, ka feƙe guntun bagaruwa mai tsawon taƙi ɗaya, ka goge shi sumul. Ƙusa ko sukudireba suna yanka zaren igiya, kada ka sa su a madadinsa.

Sai kananzir ko gas, giris, narkakken kitsen rago, man kifin da ake shafa wa jikin jirgi, kakin zuma, zare mai ƙarfi, siririyar waya, guntayen fata, da busasshen katakon bagaruwa, wadda ake kira sunut a nan. Kurna ma tana yi. Ka tanadi jarka biyu ko uku na ruwan daɗi, da alli ko fenti na yin alama. Sabuwar igiya da shakal kuwa kada ka saya sai ka gama dubawa, don ka san adadi da kaurin da kake buƙata.

1. Ka yi alama kafin ka kwance komai

Ɗauki hoto da wayarka ta kowane gefe. Sa alamar fenti a inda igiyar ɗagawa ke kama gariya, da inda ƙawanya take, da gefen dagal da ke kallon goshin jirgi. Wurin da ake rataye gariya ba tsakiyarta ba ne daidai, kuma wanda ya ɗaura ta da farko ya sha gwaji kafin ya samo shi. Idan ka matsar da shi ko da taƙi ɗaya, jirgi zai canja hali, daffa ta yi nauyi a hannu.

2. Sauko da kayan sama ƙasa

Sauke gariya, ka kwance shira, ka shanya ta daban. Sannan a kwantar da dagal. Na huri mutum biyu sun isa. Na sambuk yana son mutum huɗu ko biyar, da sanduna biyu da aka ɗaure kawunansu aka kafa su kamar ƙafafu, a rataya bakara a samansu. A riƙe gindin dagal da igiya kafin a fara kwantar da shi, domin gindin ne ke zamewa ya karya ƙafar mutum ko ya fasa katakon ƙasa.

Idan babu halin kwantarwa, mutum ya hau a kan ɗan allo, da igiya biyu: ɗaya ta ja, ɗaya ta tsaro da wani ke riƙe da ita a turke. Kada a hau da igiyar ɗagawa kaɗai, tunda ita ce ake zargi. Duk da haka, dubawar da aka yi a sama rabin dubawa ce. Mutumin da ke lilo a kan dagal hankalinsa yana kan saukowa.

3. Wanki

Ruwan daɗi a Sawakin da Bor Sudan saye ake yi, don haka ba a ɓarnarsa. Zuba rabin jarka a baho, ka jiƙa igiyoyi da bakarori na awa biyu, ka jujjuya, ka zubar, ka sake ɗauraye su da sabon ruwa. Igiya a inuwa ake shanya ta. Ƙarafa kuma bayan wanki a jefa su cikin gwangwanin kananzir su kwana.

Ka lura da wani abu da ke ruɗa sababbin shiga. Ruwan daɗi alheri ne ga ƙarfe da igiya, amma shi ne ke ruɓar da katako idan ya kwanta. Gishiri ma rage ruɓewa yake yi. Saboda haka kada ka kwarara ruwan daɗi a ramin gindin dagal ka tafi, kuma bayan kowane ruwan sama ka kwashe abin da ya taru a wurin.

4. Dagal

Bi shi daga ƙasa zuwa sama kana ƙwanƙwasawa da gudumar katako. Lafiyayyen itace ƙararsa a tsaye take, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ta a dushe. Inda ka yi shakka, soka basilla. Idan ta shige ba tare da ka matsa ba, akwai ruɓa.

Wurare uku za ka daɗe a kansu: gindi, inda yake zaune a raminsa, inda yake jingina da gungumen da ya ratsa jirgi, da kai, inda aka huda ramin taya. Tsagar da ta bi tsawon itace ba abin tsoro ba ce, zafi ne ke kawo ta, kusan kowane dagal a nan yana da ita. Ka ɗura mata narkakken kitse ko man kifi kawai. Kada ka cika ta da siminti ko wani abu mai tauri, domin idan itacen ya kumbura abin zai zama tsinken da ke ƙara buɗe ta. Tsagar da ta gitta itace ita ce mai kisa. Dagal mai irin wannan tsaga ba a fita da shi, ko da kuwa ƙarama ce.

Idan ruɓar gindi ba ta wuce faɗin yatsu uku ba, yanke wurin har ka kai lafiyayyen itace, ka ɗora katakon bagaruwa a cikin ramin don tsawo ya koma yadda yake.

5. Tayar kan dagal da bakarori

Nan ne ya kamata ka ba da mafi yawan lokacinka. Duk nauyin gariya da shira da ƙarfin iska a kan fil ɗaya suke rataye, wanda kaurinsa bai wuce babban yatsa ba, kuma mutane a ƙarƙashinsa suke zama.

Fitar da fil ɗin ta hanyar buga shi da wani ƙarfe da bai kai shi kauri ba. Goge shi da burushin waya, ka mirgina shi a kan shimfiɗaɗɗen allo sumul. Idan yana tsalle, ya lanƙwashe. Idan taya ta ci shi a tsakiya har ya sirance, ya tashi aiki. Kada ka miƙe shi da guduma ka mayar, ƙarfen da ya lanƙwashe sau ɗaya ya riga ya gaji.

Sai ita tayar. Duba raminta: idan ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai, taya za ta riƙa karkata, igiya ta zame ta maƙale tsakaninta da allon gefe. Ranar da hakan ta faru shira ba za ta sauko ba a daidai lokacin da kake son sauke ta da gaggawa. Gyaransa iri biyu ne. Ko ka faɗaɗa ramin ya koma zagaye, ka cusa guntun bututun roba mai kauri wanda fil ke shiga cikinsa daidai, ko ka sassaƙa sabuwa. Idan za ka sassaƙa, nemi zuciyar bagaruwa da ta bushe sarai, marar tsaga. Faɗin taya ya kai kamar ninki 6 na kaurin igiya: igiya mai milimita 16 tana son taya mai wajen santimita 10. Ƙaramar taya tana karya zaren igiya a hankali. Kwarin da igiya ke kwanciya a ciki ya ɗan fi igiyar faɗi, a goge shi da sanfefa har yatsa ya daina jin kaushi. Ratar da ke tsakanin taya da allon gefe kada ta wuce milimita 2. In ta wuce, cike ta da washa da ka yanka daga fata ko jikin tsohuwar jarka. Jiƙa sabuwar taya cikin man kifi kwana biyu kafin ka sa ta.

Haka za ka bi kowace bakara. Wadda allonta ya tsage tun daga ramin fil, a sake allon. Wadda igiya ce ta zagaye ta ta riƙe, a kwance igiyar a duba ƙarƙashinta, can ne gishiri ke taruwa.

Wajen shafa mai, ɗan kaɗan ya isa, a kan fil da cikin rami kawai. Na fi son kitse a kan tayar katako, giris a kan ta ƙarfe. Masu cika bakara da giris har yana tsiyaya suna tara wa kansu yashi ne. Baƙin man inji kuma bai dace da nan ba: yana sa igiya santsi a hannu, yana ɓata shira.

6. Shakal da sauran ƙarafa

Bayan sun kwana a kananzir, gwada kwance kowane fil. Wanda ya ƙi, ɗora shi a kan ƙarfe ka ɗan bubbuga gefen kunnensa, ka mayar cikin kananzir. Wuta ita ce dabara ta ƙarshe, kuma shakal mai rufin zinki da aka gasa ya zama na zubarwa, domin rufin ya ƙone. Hayaƙinsa ma yana sa zazzaɓi, a yi a fili.

Ƙa'idar da ake bi a tashoshin jiragen ruwa ita ce duk ƙarfen da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kaurinsa a cire shi. Auna inda ya goge da inda bai goge ba ka kwatanta. Wanda bakinsa ya buɗe, ko fil ɗinsa ba nasa ba ne, wani bol ne aka cusa, shi ma a cire. A kasuwa za ka ga masu ƙyalli masu araha da babu lambar nauyi a jikinsu. Araha ba ta ado. Ka sa irinsu a igiyar tanti in kana so, ban da igiyar ɗagawa.

Kada ka haɗa ƙarfe iri biyu a wuri ɗaya. Idan tagulla ko jan ƙarfe ya taɓa baƙin ƙarfe cikin ruwan gishiri, baƙin ƙarfen ne ke narkewa, kuma da sauri. Farar tagulla da ka ga ta koma ja-ja ta rasa ƙarfinta, tana iya karyewa ba tare da ta lanƙwashe ba. Istil, farin ƙarfen nan da ake cewa ba ya tsatsa, yana da kyau a sarari, amma idan aka binne shi cikin jiƙaƙƙen katako inda iska ba ta kaiwa, yakan ci daga ciki alhali kansa yana ƙyalli. Shi ya sa duk bol ɗin da ya ratsa katako yana riƙe zobe ko turke, sai ka zaro aƙalla ɗaya a kowane gefe ka gani da idonka. Baƙin tabo ko jan zane da ke gangarowa daga kan bol alama ce cewa itacen da ke kewaye da shi ya fara lalacewa. Faɗaɗa ramin, ka buga turun bagaruwa, ka sake hudawa, ka shafa wa sabon bol kitse ko kwalta, ka sa babbar washa ta ciki.

Idan ka ɗaure shakal, zura waya ta ramin kan fil ka naɗe ta da jikinsa sau biyu ko uku. Kaɗawar shira tana kwance fil ɗin da aka matse da sifana.

In jirginka yana da igiyar waya, a kama bakinta da maƙalai, wato ƙarafan matse waya masu noti, aƙalla 3, tsakanin kowanne ninki 6 na kaurin wayar. Lanƙwasasshen ƙarfen maƙali ya hau kan guntun baki, sirdinsa ya zauna a kan dogon gefen da ke ɗaukar nauyi. Da yawa suna juya shi.

7. Igiyoyi

Bi kowace igiya ta cikin tafin hannunka daga baki zuwa baki. Kowane kamu biyu ka murɗa ta ta buɗe, ka leƙa ciki. Igiyar kaba ko ta ɓawon kwakwa idan cikinta ya yi baƙi ko yana zubar da gari, ta gama. Shuɗiyar igiyar roba idan ta kode tana barin ƙaiƙayi a hannu, rana ta cinye ta. Nailan yana da ƙarfi amma yana miƙewa, don haka ya fi dacewa da anga. A igiyar ɗagawa sai ka ga gariya tana saukowa da kanta duk lokacin da iska ta ƙaru. Idan ka samu foliyesta, ita ce ta wurin.

Igiyar ɗagawa wuri ɗaya take gogewa, inda take zaune a kan taya idan shira tana sama. In sauran jikinta lafiya lau ne, juya ta, bakin ƙasa ya koma sama. Ko ka yanke kamu ɗaya daga bakin sama don wurin gogewar ya matsa.

Ƙulli yana iya rage ƙarfin igiya kusan rabi, idon da aka saƙa kuwa kaɗan yake ragewa. Ga yadda ake saƙa shi a igiya mai sili uku. Warware bakin kamar taƙi ɗaya, ka ɗaure inda warwarar ta tsaya da zare, ka ƙona ko ka naɗe bakin kowane sili. Lanƙwasa igiyar ta zagaye ƙarfen ido, wato zoben da ke zama cikin idon don kare igiya daga gogewa, ta matse shi sosai. Buɗe tufka da tsinke, ka zura silin tsakiya ƙarƙashin sili ɗaya, yana gitta tufkar. Na hagu ya shiga ƙarƙashin sili na gaba. Juya igiyar, na ukun ya shiga ƙarƙashin wanda ya rage. Idan ka yi daidai, kowanne zai fito ta ratarsa daban. Ja su su zauna, sannan ka ci gaba: tsallake ɗaya, shiga ƙarƙashin ɗaya. Zagaye 3 ya isa a igiyar kaba, ta roba kuwa sai 5 saboda santsinta. Ka gama ka mirgina wurin a ƙarƙashin ƙafa. In babu ƙarfen ido, ɗinke cikin idon da fata.

8. Gariya da ƙawanya

Yawancin gariya sanda biyu ko uku ne aka haɗa da naɗin igiya. Kama naɗin ka murɗa. In ya motsa, a sake shi. Kowane zagaye a ja shi da sanda, ba da hannu kawai ba, a gama a buga siraran tsinkayen katako a ƙarƙashinsa. Robar tayar mota da nailan ba sa wannan aiki.

Inda gariya ke gogar dagal a naɗe shi da fata, a shafa kitse. Jiragenmu idan za su juya, gariya miƙewa take yi ta zagaya ta gaban dagal, ana kuma mayar da igiyoyin gefe ɓangaren da iska ke bugowa. Don haka dole ƙawanya ta saki da sauƙi ta kuma matse da sauƙi, maɓallan itacen igiyoyin gefe su fita da hannu ɗaya. Maɓallin da ya tsage a feƙe sabo, aikin minti kaɗan ne.

9. Daffa

A yankinmu ruwan teku kusan ba ya janyewa, saboda haka kada ka zauna jiran ya bar maka jirgi a kan yashi. Tara kaya masu nauyi a goshi har baya ya ɗaga, ka zare daffa. Duba ƙarafan, namiji da tamace. Girgiza kaɗan ba komai, amma idan tana bugawa, sa guntun bututun roba a cikin tamacen. Ɗaura mata 'yar igiyar tsaro don kada igiyar ruwa ta zare ta.

Masu aiki a kan Nilu, daga Abu Rof na Omdurman zuwa Kosti da Mai Wurno, tsatsa ba ta damunsu kamar mu, amma ruɓar katako ta fi yawa a wurinsu. Su mataki na 4 ya kamata su fi tsawaitawa.

10. Mayarwa da gwaji

Kafa dagal bisa alamarka, ka buga tsinkayen da ke matse shi, ka ɗaure. Ɗaga gariya kamu ɗaya kawai daga kan jirgi, mutum biyu su ɗora nauyinsu a kanta, kai kuma ka kasa kunne. Ƙara daga sama tana nufin taya ba ta juyawa. In shiru ne, a ɗaga ta har sama a sauke sau uku, kowa ya kauce daga ƙarƙashi.

Fitar farko a yi ta da safe, cikin mashigar Sawakin inda ruwa ke kwance, a juya jirgi ta kowane gefe. Sabuwar igiya tana saki, don haka da kun dawo a sake jan naɗin gariya da igiyoyin gefe, a sake kuma bayan fita ta biyu.

A cikin jirgi a ajiye jaka ɗaya da ba ta sauka: bakara ɗaya, shakal biyu, fil na tayar dagal, waya, zare da basilla, wuƙa, gwangwanin kitse, da igiya mai tsawon ninki biyu na dagal da ɗan ƙari. Idan taya ta maƙale a teku kuma shira ta ƙi saukowa, kada kowa ya hau. Saki igiyar kusurwar baya iska ta zube, a sassauta ƙawanya, a tattara shira a jikin gariya gwargwadon inda hannu ya kai, a nemi bayan dutse inda ruwa ya lafa. Can za a yi gyaran.